Ba Sanyi Ke Kashe Albasa Ba

A ƙarshen watan Afrilu ko farkon Mayu, idan ruwan farko ya sauka a ƙasar Gozaki, akwai 'yan tsirran da ke riga ciyawa fitowa. Gona tana nan fayau, kunyoyin bara duk sun baje, amma cikin kwana uku ko huɗu sai a ga wani ɗan kara da bai wuce taƙi ɗaya ba ya ɓullo daga busasshiyar ƙasa, ɗauke da farin fure mai siraran fukafukai. Da la'asar sakaliya yake buɗewa, ya cika wurin da ƙamshi cikin dare, kafin hantsin gobe ya yi yaushi. Masana tsirrai suna kiransa Pancratium, a wasu garuruwan Hausa kuma ana ce masa hatsin manoma. A bakin fadama akwai yayansa, albasar kwaɗi, mai babban farin fure da jan zane a tsakiyar kowane fiffike. Babu ƙwayar irin da za ta tsira ta yi fure cikin kwana huɗu. Waɗannan tsirrai daga kawunan da ke binne suke fitowa, kawunan da suka yi wata shida ko bakwai a ƙarƙashin ƙasa ba ɗigon ruwa, wutar daji ta bi ta kansu, ranar Maris ta gasa ƙasar da suke ciki, suka kuma tashi lafiya lau.

A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa, masu lambun furanni suna da tambayar da suke yi wa kowane tsiro mai kai irin na albasa kafin su saye shi: zai iya ƙetare hunturu a cikin ƙasa, ko sai an tone shi an shigar da shi ɗaki? Mai karatu a Kafur ko Malumfashi zai iya cewa wannan ba matsalarmu ba ce, tunda ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Ni kuwa a ganina amsar da suka samu ta shafe mu ƙwarai, domin bayan dogon gwaji sun gano cewa sanyi ba shi ne babban makashin waɗannan tsirrai ba. Abin da ya fi kashe su shi ne ruwan da ya same su suna barci, sai kuma yunwar da aka sa musu tun kafin su kwanta. Wannan hukunci ya hau kan wani ɗan fure da ke duwatsun Turkiyya, ya hau kan albasar kwaɗi ta fadamarmu, ya kuma hau kan buhunan albasar da ke ruɓewa a ɗakunan manomanmu kowane watan Agusta.

Kafin a je ko'ina, a ɗauki albasa guda a tsaga ta daga wuya zuwa gindi, maimakon yankan zobe da aka saba yi wa miya. A can ƙasa za a ga wani ɗan faifai mai tauri wanda jijiyoyi ke fita daga ƙarƙashinsa. Wannan faifan shi ne ainihin karan tsiron, ya gajarce har ya koma kamar kwabo. Ɓawon nan masu kauri da suka rungumi juna kuwa gindin ganye ne da suka kumbura da abinci da ruwa. A tsakiyarsu, daidai kan faifan, akwai ɗan ƙaramin toho mai launin ɗorawa-ɗorawa ko kore-kore, wanda shi ne tsiron baɗi. Busasshen ɓawon waje, wanda ake murjewa a zubar, shi ke hana ruwan ciki tserewa, ya kuma tare wa ƙwayoyin cuta hanya. Wuyan, idan ya bushe ya tsuke, shi ne murfi. A taƙaice kan albasa rumbu ne: ganye ya yi noma a lokacin wadata, ya tara a ciki, aka liƙe baki, ana jiran lokacin da za a buɗe. Kusan kashi 89 cikin 100 na nauyin albasa ruwa ne, kuma da shi tohon ke soma aiki tun kafin jijiya ta kama ƙasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani ɗan fure da ake kira Iris reticulata ya isa misali. Asalinsa duwatsun gabashin Turkiyya da Iran da yankin Kaukasus ne, tsawonsa bai wuce santimita 15 ba, kansa kuma bai fi babban ɗan yatsa kauri ba. Ana binne shi a zurfin kamar santimita 10 a watan Oktoba, iska ta yi sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, amma a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris ya fasa ƙanƙara ya fito da shuɗin furensa. Dalili na farko shi ne ƙasa mayafi ce: sanyin da ke saman ƙasa ba ya isa zurfin nan da ƙarfinsa, dusar ƙanƙarar da ta lulluɓe wurin ma ƙara rufi take yi. Na biyu yana cikin kan ne. Idan sanyi ya soma shigowa sannu a hankali, tsiron yakan narkar da wani ɓangare na abincin da ya tara ya koma sukari, ruwan jikinsa ya yi kauri, ruwa mai sukari kuwa ba ya daskarewa da wuri. Abu na uku shi ne wanda ya fi ba da mamaki. Idan ƙanƙara ta soma taruwa a jikin tsiro, a tsakankanin ƙwayoyin halittarsa take taruwa, tana zuƙo ruwa daga cikinsu. Wato tsiron da ke cikin daskararriyar ƙasa ƙishirwa yake fama da ita, daidai da wanda ke cikin ƙasar Gozaki a watan Maris. Shi ya sa makaman da tsiro ke yaƙar fari da su kusan su ne yake yaƙar daskarewa da su, kuma shi ya sa wuraren da irin waɗannan tsirrai suka fi yawa a duniya wurare ne masu dogon rani: gaɓar Bahar Rum, tsakiyar Asiya, da kudancin Afirka ta Kudu, inda yankin Kef kaɗai ke da fiye da nau'i 1,000.

Shi wannan ɗan fure da ya gagari ƙanƙara, idan aka dasa shi a ƙasa mai riƙe ruwa, ko aka yi ta ba shi ruwa bayan ganyensa ya bushe, shekara ɗaya ko biyu ya ɓace. Masu lambu a Ingila, inda ruwan sama ba ya yankewa ko a lokacin zafi, sukan yi kuka da shi, don haka sukan shimfiɗa tsakuwa da yashi a ƙarƙashinsa, ko su dasa shi a tudu. Za'afaran ma, wanda malamanmu suka sani a tawadar rubutu, daga irin wannan ɗan gajeren tsiro yake fitowa. Iran ce ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na wanda duniya ke amfani da shi, ana tsinke fure kamar 150 kafin a sami giram ɗaya, kuma manomansa sun san cewa kan yana bukatar ya kwanta a busasshiyar ƙasa mai zafi tsawon watannin rani. Kan da ke barci ba ya shan ruwa, ba ya kuma iya kare kansa kamar mai ganye. Ruwan da ya kwanta a jikinsa yana toshe masa iska, ya tausasa ɓawo, ya buɗe wa ruɓa ƙofa.

Yanzu a dawo gida. Gozaki, tsohon garin nan da ke ƙaramar hukumar Kafur, yana cikin yankin da aka daɗe ana kira Katsina Laka saboda nauyin ƙasarsa, ƙasar da ta yi suna da auduga tun kafin zuwan Turawa. Ruwan sama a wannan yanki yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko zuwa digiri 12 ko 13, wata rana ƙasa da haka kaɗan, a Maris da Afrilu kuma zafin rana ya doshi 40. Ƙasarmu ba ta daskarewa, saboda haka babu kan tsiron da ɗari zai kashe a nan. Hasali ma akwai waɗanda rashin isasshen sanyi ke kashewa. Furen tulif, wanda Holan ta yi suna da shi, asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, ya biyo ta daular Usmaniyya ta Turkiyya, masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden a 1593, har cinikinsa ya haukata mutane kafin farashin ya rushe a watan Fabrairun 1637. Wannan fure ba ya miƙa kara sai kansa ya yi mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba. Wanda ya sayo kawunansa ya dasa a Funtuwa zai iya ganin ganye, da ƙyar ya ga fure, baɗi kuma ba zai ga komai ba. Sanyi a wurin irin waɗannan tsirrai agogo ne da ke gaya wa tohon cewa mugun lokaci ya zo ya wuce.

Albasarmu ta miya ma tana da wannan agogo, kuma a nan ne maganar ta shiga aljihun manomi. Ita ma daga tsakiyar Asiya ta fito, kuma tsiro ce mai rayuwar zango biyu: a zangon farko ta yi ganye ta yi kai, ta kwanta, a zango na biyu ta ci abin da ta tara ta fitar da kara ta yi fure ta ba da iri. Ba ta shiga zango na biyu sai ta ji sanyi. Ire-iren albasar Turai sun fi son digiri 7 zuwa 12 na makonni, amma waɗanda suka daɗe a hannun manoman Afirka ta Yamma, irin jar albasar Kano da ta Galmi a jihar Tawa ta Nijar, sun saba da ɗan sanyin da hunturunmu ke bayarwa, ya kuma ishe su. Saboda haka mai son iri yakan ajiye zaɓaɓɓun kawuna su ƙetare damina, ya dasa su a Oktoba ko Nuwamba. A wurare da yawa ana yanke kashi ɗaya cikin uku na saman kan, a barbaɗa toka a bakin yankan, don toho ya fito da yawa kuma a tare. Wanda ya shiga irin wannan fangali a ƙarshen Janairu zai ga karare masu rami a ciki, tsayinsu ya kai ƙugu, kowanne da kumburi a ƙasa da tsakiyarsa, a samansa kuma dunƙulen ƙananan fararen furanni ɗaruruwa, ƙudan zuma da ƙudaje suna ta kai da kawowa a kai. Su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan dunƙule zuwa wancan, idan aka yi feshin maganin ƙwari a wannan lokaci kuwa an rage iri da hannun kai. Zuwa Maris ko Afrilu ƙwansunan sun soma tsagewa, baƙin iri ya leƙo. Duk wannan kyautar ɗari ce. Ba don 'yan makonnin nan na hazo da jaura ba, da kowace shekara sai mun sayo irin albasa daga waje.

Sai dai agogon yakan buga ba a lokacinsa ba. Albasar da aka yi renonta da wuri, ta yi kauri kafin sanyi ya kankama, takan ɗauka cewa ta shiga zango na biyu, sai ta fitar da karan fure tun a shekarar farko. Kan da ya yi haka yana da tauri a tsakiya, wuyansa a buɗe yake, ba ya ajiyuwa, dillali kuma ba ya sayensa da daraja. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, domin ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Manomi ya ga karare sun fito a fangalinsa, sai ya bar su su nuna ya kwashi iri, yana ganin ya huta da wahalar ajiye kawuna wata biyar. Amma irin da ya tara 'ya'yan waɗanda suka fi kowa gaggawar yin fure ne, kuma hali yana bin jini a tsiro kamar yadda yake bi a dabba. Baɗi masu karan za su ƙaru, baɗin baɗaɗa su ƙara ƙaruwa. Wanda ya bi doguwar hanya kuwa damina ta yi masa tankaɗe kyauta: duk kan da ya ruɓe ko ya tsira a ɗaki ya fita daga zuri'a, wanda ya kai Oktoba da ƙarfinsa shi zai haifi na gaba.

Tsawon yini ma yana cikin lissafin, kodayake ba sai an daɗe a kansa ba. Albasa tana soma kai ne idan yini ya kai wani tsawo. A Gozaki yini ba ya gaza awa 11, ba ya kuma kai 13, alhali ire-iren arewacin Turai suna jiran awa 14 zuwa 16. Wanda ya sayi irin gwangwani bai bincika ko na wane yanki ba ne zai iya ƙarewa da lawashi zalla. Tafarnuwa ita ma sai da sanyi take rarraba 'ya'ya yadda ya kamata, shi ya sa wadda aka makara ba a shuka ba har hunturu ya yi nisa takan fito ƙanana.

Lokacin da albasarmu ke fuskantar abin da ta Turai ke fuskanta a hunturu shi ne damina, a cikin ɗakin ajiya. Binciken masana ya nuna wani abu da ya saɓa wa zato: albasa tana yin barci mai nauyi a wurare biyu, ko a sanyin da ya kusa sifiri, ko a zafin digiri 25 zuwa 30. A tsakaninsu ne, wajen digiri 10 zuwa 20, take saurin farkawa ta tsira. Ke nan zafin ƙasarmu bai zama abokin gaba ba. Abin tsoro shi ne laima. Albasa ta fi son iskar da danshinta bai wuce kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ba, a Yuli da Agusta kuwa danshin iskar wannan yanki yakan haura haka nesa. Da zarar laima ta haɗu da zafi a wurin da iska ba ta ratsawa, sai jijiyoyi su soma fitowa daga faifan gindi, baƙin gari mai kama da kunkunniya ya bayyana a ƙarƙashin ɓawo, ruɓa mai wari ta shiga ta wuya, ruɓaɓɓiya guda ta jiƙa goman da ke kewaye da ita. Manoman Aleiro a jihar Kabi da na Galmi, waɗanda albasa ce babbar sana'arsu, sun daɗe da samun maganin wannan a rudu: rumfar kara da ciyawa mai gado a ɗage daga ƙasa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta jiki, rufin yana kare rana da ruwa. Ana shimfiɗa albasar ba tare da tula ta da yawa ba, ana kuma shiga lokaci-lokaci a tsince waɗanda suka soma lalacewa. A gwada wannan da ɗakin siminti mai rufin kwano, taga a rufe saboda ɓarayi, albasa a ɗure cikin buhun leda an jingina da bango.

Duk da haka rudu ba ya gyara abin da aka ɓata tun a lambu. Kan da zai daɗe shi ne wanda ya kwanta da kansa, ba wanda aka tilasta wa ba. Alamar ita ce wuya ya yi laushi, ganye ya kwanta, kuma ana so a jira sai rabin fangali ko fiye ya kwanta kafin a cire. A cikin kwanakin nan na ƙarshe ganye yana sauke sauran abincinsa a cikin kai, tare da sinadaran da ke riƙe toho cikin barci. Wanda ya yanke lawashi ɗanye don ya kai kasuwa ko a yi gabu da shi ya sami 'yan kuɗi a hannu, amma ya bar wuya a buɗe yana ɗigar ruwa. Wanda ya zuba yuriya bayan albasa ta soma kai zai ga manyan kawuna masu kaurin wuya, masu ruwa-ruwa, da ke burge ido a ranar cira su kuma riga kowa ruɓewa. Haka wanda ya ci gaba da ban ruwa har jajibirin cira, maimakon ya ɗauke kamar mako biyu kafin nan. Bayan cira kuma akwai shanya ta kwana goma zuwa mako biyu a inuwa mai iska, ko a gona ganyen wannan layi ya rufe kawunan wancan, har wuya ya bushe ya tsuke, ɓawo ya soma ƙara idan an taɓa, sannan a yanke a bar kamar gaɓar yatsa biyu.

Akwai masu cewa duk wannan tsohon yayi ne, abin da ake bukata shi ne ɗakunan sanyi irin na ƙasashen da suka ci gaba. Gaskiya ne albasa tana yin watanni da yawa a kusa da sifiri ba ta canja ba. Amma sharaɗin shi ne sanyin kada ya yanke. Ɗakin sanyin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa zai riƙa kai albasa cikin digirin nan na 10 zuwa 20 da ke tashinta daga barci, kuma duk lokacin da iska mai ɗumi ta taɓa kai mai sanyi sai raɓa ta kwanta a kansa. An haɗa mata farkawa da jiƙa a lokaci guda, an kuma biya kuɗin man janareto a kai. Ɗakin sanyi mai tsayayyar wuta yana da amfani ga tumatirin Ɗanja da sauran kayan gwari masu saurin lalacewa. Albasa kuwa tana daga cikin 'yan kayan lambun da yanayinmu ya yarda a ajiye su ba wuta, in dai an ba su inuwa da iska.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta talauci, kuma ba ta turuwa. Yawancin masu sayar da albasa a Maris da Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, sun san sarai cewa zai tashi kafin kaka. Bashin taki da na man injin ban ruwa ne ke jiransu, ga hidimar damina ta ƙarato. Gaya wa irin wannan mutum ya ajiye bai wadatar ba, sai an sama masa abin da zai riƙe hannunsa, ko ta hanyar ƙungiyar manoma mai rudu na haɗin gwiwa, ko bashin da albasar da ke ajiye za ta tsaya a matsayin jingina. Amma ko a nan akwai abin da ya rage a hannunsa. Ɗauke ruwa da wuri rage kashe kuɗi ne, haka barin yuriyar ƙarshe. Kawunan iri kuwa ba buhu ɗari ba ne, 'yan kwanduna ne da za a iya ratayewa a rumfa, kuma su ne ke raba manomi da sayen irin da bai san asalinsa ba, wanda ƙarfin tsirarsa ma ke raguwa sosai bayan shekara guda.

Su kuma na daji, masu furen farkon damina, wata irin barazana ce ke bin su. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tattara sunaye irin su albasar kwaɗi da albasar kura da gatarin kurege daga bakin mutanen da suke ganinsu kullum. Tun daga shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da tallafin Bankin Duniya, masara da takin zamani da garmar shanu suka canja fuskar wannan yanki. An sami abinci da kuɗi, babu mai musun haka. Amma saura ta yi ƙaranci, iyakokin gonaki sun tsuke, fadamu sun koma lambuna. Kan da ya jure wa wata bakwai na fari a cikin ƙasa ba ya jure wa mako biyu idan garma ta tono shi ta bar shi a rana. Manoma sun san haka, domin da wannan dabara ce ake rage aya-aya a gona: a yi huɗa da rani a bar 'ya'yanta su soye. Maganin ciyawa mai ƙone ganye yana hana kai tara abincin baɗi, mai bin jijiya kuma yana sauka har cikinsa.

Wani zai ce fure ba ya cika ciki, wasunsu ma guba ne, wasu kuma, irin su gadali, sunansu ya haɗu da harkar tsibbu. Batun guba gaskiya ne, ya kuma kamata iyaye da makiyaya su sani: albasar kura tana da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya, tana iya kashe dabba, gatarin kurege kuma saiwarsa na iya kashe mutum. Da wannan ɗaci ne suke kare ajiyarsu daga ɓera da gara tsawon rani. Amma daga irin wannan ɗaci ake samun magani. Galantamin, wanda likitoci ke ba masu cutar mantuwa ta tsufa, an fara ciro shi ne a shekarun 1950 daga ɗan gajeren farin furen da ke fasa dusar ƙanƙara a gabashin Turai da Kaukasus, kuma wannan fure dangi ɗaya ne da albasar kwaɗi da hatsin manoma. Abin da wasu suka yi da tsiro a ɗakin boka bai zama laifin tsiron ba, bai kuma isa dalilin barinsa ya ƙare kafin a san abin da ke cikinsa ba. Barin taku biyu a bakin rafi ko gindin kuka ba huɗa ba feshi bai rage wa kowa damin masara ba.

Mai son ƙawata tsakar gida, ko harabar makaranta da masallaci, ba ya bukatar tulif. Na gida suna nan, akwai kuma baƙin da suka karɓi yanayinmu, kamar Zephyranthes, ɗan gajeren fure fari ko ruwan hoda daga nahiyar Amurka wanda ke buɗewa kwanaki kaɗan bayan ruwan sama, da Hippeastrum mai jan fure da ke fitowa da rani. A ƙasar laka irin ta Gozaki sharaɗin farko shi ne a ɗaga wurin ya zama tudu, a gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki, idan a tukunya ne kuma a huda gindinta. Bayan fure ya faɗi a bar ganyen, komai muninsa, har ya yi ɗorawa ya bushe da kansa. Daga nan a ɗauke ruwa gaba ɗaya. Wannan shi ne wurin da masu kirki suka fi yin ɓarna, domin ganin tukunya ba komai yakan sa a ji tausayi a zuba mata ruwan alwala safe da yamma, bayan wata biyu a tona a tarar da ruɓaɓɓen ɓawo. A kuma nisanta su daga inda yara da awaki ke kaiwa.

Abin da ya kamata ya dami masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da tasharta ta Kadawa, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda, shi ne ƙanƙantar ratar da muke da ita. Sanyin da albasarmu ke bukata don ta yi iri da wanda hunturunmu ke bayarwa kusan kai ɗaya suke, kuma duniya tana ƙara ɗumi. Idan dararen Disamba da Janairu suka ƙaru da digiri ɗaya ko biyu, kai zai ci gaba da samuwa, iri ne zai soma ja da baya, kuma manomi ba zai gane dalili da wuri ba. Ana bukatar a riƙa auna sanyin dare a fadamun Kafur da Bakori da Ɗanja da bakin madatsar Mairuwa, shekara bayan shekara, a haɗa shi da yawan karan da fangalin iri ya fitar. Ana kuma bukatar a tattaro ire-iren albasar da ke hannun tsofaffin masu lambu na wannan yanki, a gwada su gefe da gefe, a ware waɗanda ɗan sanyi ke isarsu a zango na biyu ba tare da sun yi gaggawar fure a zangon farko ba, waɗanda kuma ke kai Oktoba a rudu da wuyansu a tsuke.